Hanyar Zuwa Gindin Lemo

Lokacin da Malam Harisu ya bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Gidan Amumune ya dawo gidansa na Tasawa, bai bar ko wurin shimfiɗa tabarma a tsakar gida ba. Nan salati, can furanni, ga gwaiba, ga rumman, ga lemo a kusurwa. Kowane fage ya kewaye shi da bulo, hanyar da ke tsakani kuwa sai mutum ɗaya, shi ma a karkace. Matarsa Furera takan ce ta auri mutum, ta tare a garka.

Da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, sai nauyin garkar ya faɗo kan Furera. Ɗiyarsu Lubna tana aure a Mayahi da jariri a hannu, ba ta iya zuwa kullum. Bazara ta kama, famfo ya koma yin tari ba ruwa. Furera ta riƙa jigilar bido, wato jarkar ruwa, daga bakin rijiya har bayanta ya ƙi miƙewa. Ruwan da za ta wanke Malam da shi, da na tuwo, da na shuka, duk daga wuyanta suke fitowa. Duk safiya, da bakinsa da ya karkace, abin da yake fara tambaya shi ne ko ta ba rumman ruwa. Tana ba shi, amma ganye sai ƙara zuba yake.

Likita ya ce in Malam bai riƙa taka ƙasa ba, ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Wani hantsi Furera ta rataya hannunsa a kafaɗarta suka fito. Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu. Ƙafarsa mai ciwo ta sarƙe da bulo, suka zube tare cikin furanni. Ta ja shi, ta kasa. Ta tura, ta kasa. Rana ta hau kansu, maƙwabta duk sun tafi kasuwa. Ta cire mayafinta ta yi masa inuwa, tana kira har muryarta ta dushe, shi kuma hawaye na gangara cikin kunnensa.

Iya, Bafillatanar da ke kawo musu nono daga wajen Kona, ita ta yi sallama ta same su haka. Ta ajiye ƙwarya, suka cicciɓe shi zuwa ɗaki. Da suka fito, Iya ta dubi tsakar gidan ta ce, "Furera, majinyata biyu gare ki, ƙarfin mutum ɗaya. Zaɓi guda."

Da la'asar Furera ta durƙusa kusa da gadon ta faɗa masa abin da za ta yi. Ya bugi katifa da hannunsa mai lafiya, ya ce a'a.

"Malam, in ka sake faɗuwa ba kowa, ni mi zan yi? Ka gafarce ni, amma zan cire shukokin nan."

Ta aika wa ƙaninta Ishaƙu, ya zo da amalanke. Suka kwashe bulo, suka tuge furanni da gwaiba. Rumman ita da kanta ta sare shi, don ba ta son a ce wani ne. Suka bar lemo, da zogale guda biyu a inda take wanke-wanke, ruwan ya riƙa gangara musu. Suka daddaɓe hanya mai faɗi daga ƙofar ɗaki zuwa gindin lemon, Ishaƙu ya kafa sanduna a gefe ya ɗaure gora a kai, abin dafawa.

Malam ya ji sarar gatari daga ɗaki. Ya juya fuska bango, ya ƙi fura, ya ƙi magani. Furera ta roƙe shi, ta kira limamin unguwa ya yi masa nasiha, duk a banza. Ta zauna bakin murhu tana tunanin ko da hannunta ta ƙarasa shi.

Zafin ɗaki ne ya fito da shi. Ran da kwanon rufi ya yi kamar zai narke, ya miƙa mata hannu ba tare da ya dube ta ba. Suka taka kafaɗa da kafaɗa, yana dafa gora, har gindin lemo. Ya zauna a kujera ya daɗe yana kallon filin da ya zama fayau. Bai ce ya yafe ba. Ya dai ce ta kawo furar.

Hannun bai dawo ba, lemon ma ya zubar da 'ya'yansa a shekarar. Amma kafin a yi shuka, Malam Harisu yana kai kansa inuwa shi kaɗai, tsofaffin abokan aikinsa kuma sun samu wurin zama in sun zo gaishe shi.