Awon Danshi a Ƙarƙashin Kaza

Barakatu ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba, kowa a Tafoki ya san haka. To, ga wata 'yar na'ura da ƙanenta Uwais ya aiko mata daga birni, wai tana auna danshin ɗaki, har ƙura da hayaƙi.

Ciwo ya share zabin da ta gada wurin Innarta, ƙwai kawai suka bari. Kazarta guda ce, ba za ta rufe su duka ba, sai ta haɗa akwati da fitila da tasar ruwa, ta saka na'urar ciki. Kashin farko, na'ura ta ce danshi ya yi daidai, amma 'yan tsaki suka bushe cikin ɓawo. Ranar ta yi kuka sosai. Yanzu saura kashi na ƙarshe, rabi a akwati, rabi ƙarƙashin kaza.

"Ki jefar da abin nan, maƙaryaci ne," in ji mijinta Gide.

"Na sani, Malam. So nake in ji iyakar ƙaryar tashi."

Ta kai shi gindin randa, lamba ta hau. Ta kai shi bakin murhu, ta sauka. Ashe yana ji, lissafi ne dai bai iya ba! Tana tsaye tana juya shi, sai idonta ya faɗa kan akurki.

Ta ɗaga kazar, ta sha sara biyu a hannu, ta cusa na'urar cikin ƙwai. Gide ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ikon Allah! Rediyo za ta ƙyanƙyashe mana?"

Barakatu ba ta kula shi ba. Da la'asar ta zaro ta duba: lambar kaza ta zarce ta akwati nesa ba kusa ba.

"In ƙarya yake, ai ƙarya ɗaya zai yi mana ni da ita," ta ce.

Ta ƙara tasar ruwa a akwati, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, har lambar akwati ta kamo ta kaza.

Makonni suka wuce. Wata safiya kyanwa ta shiga akurki ta yi ɓarna, ko ƙwai ɗaya bai tsira ba. Barakatu ta nufi akwati, ta ɗauki ƙwai ta kara a kunne. Ƙwas, ƙwas, ana bugu daga ciki.

"Malam!" ta ƙwala kira. "Zo ka ji zabin Inna."