Kabarin Baba Ɗanlahadi

Ramin ya kai gwiwa lokacin da ɗan acaɓa ya sauke Lidiya a bakin maƙabartar cocin Ƙanƙara. Tun daga Sabuwa take kuka, idanunta sun kumbura.

"Baba Mati, ku dakata," in ji ta. "Babana ya bar wasiyya. Ya ce a kai shi gida."

Mati ya jingine diga. Shi ne shugaban Ƙungiyar Maza Katolika ta wannan coci, kuma aikinsu ne duba marasa lafiya, noma wa gwauraye da haƙa kabari. Baba Ɗanlahadi, mahaifin Lidiya, wanda ya cika da asuba, shi ya kafa ƙungiyar a Tudun Gawo, ƙauyensu da ke ƙasar Faskari. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe su. Daga mutum arba'in da ɗaya, tara suka rage a nan. Saura sun watsu, wasu Funtuwa, wasu Zariya.

Da jin kalmar gida, hankalin Mati ya koma Tudun Gawo. A can matarsa Laraba take kwance, bayan rumbuna, kuma tun ranar gudu bai sake tsayawa a kanta ba.

"Wasiyya ai ba abin wasa ba ce," in ji ɗaya daga cikin mazan. "Mu ɗauki mota da hantsi, kafin la'asar mun juyo."

Rabo ya fito daga ramin yana kakkaɓe wando. "Kwana talatin da shida na yi a hannun 'yan bindigar nan. Ku dubi yadda suka lalata mini ƙafa. Amma in Shugaba ya ce a tafi, ni ne a gaba."

Duk suka zuba wa Mati ido. Fada, limamin cocin, ya riga ya ce duk inda suka yanke, zai bi su ya yi addu'a.

Mati ya koma gefe ya kira Malam Sanusi, maƙwabcinsa Musulmi da ya koma Daudawa, wanda yakan saci jiki ya leƙa gonarsa.

"Allah ya ji ƙan Baba," in ji Malam Sanusi. "Shi ya yi mini ɗorin hannu ina yaro. Maganar hanya kuwa, kwana goma ba a taɓa kowa ba. Sai dai jiya masu itace sun ga babura shida a bakin rafi."

Ya kamata Mati ya yi godiya ya kashe waya, amma ya kasa.

"Malam, gidana fa?"

"Ɗakin kudu ya zube. Mangwaronka ya yi 'ya'ya har reshe ya karye, ba mai tsinka."

"Wurin Laraba?"

"Ciyawa ta rufe shi. Amma na san wurin, ban bari shanu sun taka ba."

Mati ya daɗe riƙe da wayar bayan sun gama magana. Kwana goma lafiya. In ya faɗi wannan kaɗai ya haɗiye sauran, ba wanda zai yi musu, kuma kafin azahar yana tsugunne yana cire ciyawar nan da hannunsa. Ya dubi mazan. Ya san matan kowannensu, ya san wanda aka yi wa haihuwa makon jiya. Ya dubi ƙafar Rabo.

Ya dawo ya faɗa musu duka, har da baburan.

"A nan za mu sa shi," ya ce. "Lidiya, 'yata, ni na karya wasiyyar, ba ke ba. In da laifi a gaban Allah, a kaina yake. Baba ya ba ni mutane in riƙe masa, ba zan kai su inda ban tabbata zan dawo da su ba."

Lidiya ta rufe fuska da gyale. Can ta ɗago.

"Tun da ya kwanta, kullum sai ya sa a juya masa gado ya kalli wajen gida. To, ku kwantar da shi haka. Ta ina ne Tudun Gawo daga nan? Ni na rikice."

Mati ya ɗaga hannu zai nuna, sai ya ga hannaye takwas sun riga shi, duk sun miƙe kudu maso yamma, ta saman rufin makarantar firamare. Ba wanda ya tsaya tunani.

Rabo ya dubi ramin da suka sha wahalar haƙawa tun safe. "Shugaba, wannan ai ya karkace, bai kalli gida ba. Sai an cike an sake sabo."

"To, mu sake," in ji Mati.