Tsumman Torquil

Da Mairead ta san abin da ke aljihun mahaifinta, da ba ta bar shi ya hau hasumiyar fitilar tsibirinsu shi kaɗai ba.

A nan Torquil ya tsufa yana haska wa jiragen ruwa hanya, kafin inji ya karɓe aikin. Yanzu 'yarsa ta gyara ƙaton gilashin fitilar, ta cike wuraren da suka fashe da roba mai kamar gilashi. Gobe mutanen tsibirin za su zo kallo.

Yana ganin ƙura, ya zaro tsumma da kwalbar sifirit, ya hau goga kamar kowace safiya a da, warin yana tuna masa abokan aikin da suka rasu.

"Baba!" Mairead ta kira daga matakala. "Warin me nake ji?"

"Warin aiki, sarkin iyayi."

"Sifirit yana tsattsaga robar nan! Ina da ina ka shafa?"

Ya ƙura wa gilashin ido. Aikin yarinyar ya yi kyau har ya kasa bambance tsoho da sabo. Tsagar kuwa ba nan take take bayyana ba. Ko ya taɓa robar ko bai taɓa ba, babu wanda ya sani tukuna.