Yau Fanta Ba Ta Ɗaga Murfin Ba

...kuma ba za ta ɗaga ba. Yau kam a'a. Ga ta can kan akwatin ƙarfe, ordinater ɗin, kwamfutar da ɗanta Shamsuddeen ya ajiye mata, lulluɓe da tsohon mayafi, ita kuwa Hajja Fanta na bakin tabarma tana harararta. Hantsi ya wuce. Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun asuba. Ɗakin sai zafi, sai ƙamshin turaren wutar da ta haɗa jiya don kasuwar Mirriya, ga shi a kwalabe, motar ta tafi ba ita.

"Inna, aikinki ɗaya ne, ki ɗaga murfin da safe." Haka ya ce. Wai ya rubuta wa abar umarni a cikinta: da ta farka, sai ta aika saƙo wayarsa can Yamai, Inna ta tashi lafiya. Ba sai kin taɓa komai ba, ba sai kin karanta ba... Karanta? Ita da sunanta ma sai ta ga harafin farko take gane shi?

Mala, maigidana, ka ji ɗanka? Kana kwance can maƙabartar bayan Birni shekara tara, ba ruwanka. Ranar da Shamsuddeen zai koma aiki cewa ya yi, zan riƙa kiranki duk Juma'a. Juma'a kaɗai! Tayin farko ke nan. Wa ke karɓar tayin farko? Shekara talatin tana sayar da turare, Alhazan Kano da bakinsu mai zaƙi ba wanda ya taɓa ɗaukar kwalba a kan abin da ya fara faɗa. Ka kau da kai, ka ce a bar shi, mai so ya ƙara. To ta kau da kai. Kar ka wahalar da kanka, ni ba majinyaciya ba ce. Tana jira ya ce Juma'a da Litinin, ta sake ƙi, ya ce kullum, sannan ta sallama...

"To, Inna."

To! Yaron da ya girma a gindin tirenta. Me aka koya masa a lakol ɗin ne? Zuwansa na gaba sai ga wannan baƙar aba a jaka.

Wata bakwai. Muryarsa sau biyu, duk a salla. Don me zai kira? Kullum da safe da hannunta take rufe masa baki. Ranar Talata ma da jiri ya kayar da ita bakin randa — ƙasa a kunci, buta ta kife, kaji na zagayarta — da rarrafe ta shigo ta ɗaga murfin. Don kada a ce Fanta ta tsufa. Wa zai ce? Wa ma ya gani?

Shi ya sa yau shiru. Bari wayarsa ta yi shiru a biro, wurin aikinsa, ya duba, ya sake dubawa, gabansa ya faɗi ko sau ɗaya ne. Tata ƙaramar wayar na kan cinyarta. Ta danna, ta yi haske. Da rai. To me yake jira? Ko yana cikin taro... ko sai azahar yake dubawa...

"Hajja, yau ba Mirriya?" Husaina ce maƙwabciya, ta saman katanga.

"Ƙafa ce."

Ƙarya. In ya kira fa, me za ta ce? Ba dai ina kewarka ba, Allah ya kiyaye. Mantuwa ce. A'a, faɗa za ta fara yi masa, kai da uwarka sai ta bakin ƙarfe? Sai ya yi dariyar nan ta ubansa, ta hanci... sai ta tambaye shi me ya ci. Iyakar abin ke nan fa. Me ya ci.

Fanka ta motsa. Ta juya sau ɗaya, ta kama. Kuran ya dawo.

Ƙarƙashin mayafin wani shuɗin haske... sai ƙarar nan, ƙwal, irin ta kowace safiya in saƙo ya tafi. Ba ta taɓa ba. Wallahi ba ta taɓa ba! Sai yanzu maganar ke dawo mata — a ƙofar gida, tana ja-in-ja da mai kabu-kabun da zai kai shi tasha, shi kuma yana ta faɗa a bayanta: batirin ya gaji, Inna, na sa ta farka da kanta in kuran ya dawo, kar dai ki cire filogin. Ba ta saurara ba. Ciniki take yi.

Inna ta tashi lafiya. Ya tafi. Yanzu zai leƙa, ya mayar da wayar aljihu.

Ashe ko tana bakin randar har yau... muddin ana kawo kuran, lafiyarta ƙalau a Yamai. Kwana nawa? Sai Husaina ta ji shirun ya yi yawa?

Ta ja jiki, gwiwa na ƙara, ta kai hannu kan filogin. Ɗumi gare shi. Fizga ɗaya, gobe dole ya kira. Amma wannan ai bin mai saye ne har bakin hanya, dawo, na rage... ita da ba ta taɓa yi ba, ko a shekarar da Mala ya rasu. In kuma ta cire, goben ta zo, wayar ta yi shiru fa?

Fanka na ta juyi. Hannun na nan inda yake. Ya yi mata nauyi.