Dutsen Iyakar Abarshi

A watan Satumba na 1960, saura mako uku Turawa su miƙa mulki, Abarshi ya kira ƙanensa Nababa zuwa gonarsa da ke bakin gandun daji a Kakangi. Abarshi tsohon soja ne. Ya yi yaƙin Bama, ya kuma zauna wata bakwai a ƙasar Hindu, saboda haka ba a ja da shi a kan halin Turawa.

"Na san yadda suke tafiya," in ji shi. "Da za su bar Hindu, layi suka ja, ƙasa ta zama biyu. Ga ƙasar Faransi nan arewa da mu, an yayyanka ta, kowa ya ɗauki tasa. Duk inda suka bar iyaka ranar tafiya, nan take zama."

"To mu ina ruwanmu, Yaya? Wa zai raba Kakangi?"

Abarshi ya nuna masa dutsen siminti mai tsayin gwiwa da ke ƙarshen dawarsa. Shi ne iyakar gandu. Bayansa akwai fadamar da mahaifinsu ya noma shinkafa kafin gwamnati ta killace dajin, kuma shekara ashirin ke nan Abarshi yana kallonta.

Suka jira ranar kasuwar Birnin Gwari, ranar da Maliki malamin daji kan tafi gari a kan kekensa. Suka tone dutsen, suka ɗaure shi a gora, suka kai shi taki saba'in cikin daji, bayan fadamar. A fuska ɗaya ta dutsen akwai haruffan boko da lamba.

"Ina za mu juya rubutun?" Nababa ya tambaya.

"Wajen gari mana. Birai ne za su karanta?"

Suka dasa shi, suka shafa masa laka don ya tsufa.

Bayan kwana huɗu Baturen daji ya zo zagayensa na ƙarshe, Maliki na biye da shi da taswira. Mutanen unguwa suka fito kallo. Baturen ya zaga dutsen sau biyu, ya dubi Maliki. Maliki ya dubi ƙasa.

"Tun yaushe dutsen nan yake nan?" Baturen ya tambaya da Hausa.

"Tun ina da ƙuruciya, ranka ya daɗe," in ji Abarshi.

"Madalla. Malam Maliki, gaya masa ƙa'ida."

Maliki ya gyara murya. "Baba Abarshi, duk dutsen iyaka, gefen da rubutu ke kallo shi ne gandu."

Mutane suka bi rubutun da ido. Yana kallon fadama, da gonar dawa, da rumbuna, da gidan Abarshi.

"Ke nan gidanka a cikin gandu yake," in ji Maliki. "Ba a sare itace, ba a kiwon akuya, ba a hura wuta."

Furera, matar Abarshi, ta yi magana daga bayan taro. "Malam, in sauke tukunyar ke nan? Ko sai an ba ni takarda?"

Aka yi dariya. Abarshi bai yi ba. In ya ce dutsen ya tashi daga wurinsa, fadama ta tafi, wataƙila har da shi zuwa gaban alƙali. In ya yi shiru, gida ya tafi. Ya ƙame kamar a fareti.

"Ranka ya daɗe, shanu ne. Suna susa da shi, sai ya juya."

"Shanun Kakangi suna da ƙarfi," in ji Baturen. Ya duba agogonsa. Yana da duwatsu goma sha ɗaya da zai gani kafin Dogon Dawa, da jirgin ruwa da ke jiransa a Ikko. "Ni juyawa na gani, ban ga tafiya ba. A juya shi. Malam Maliki, rubuta: dutse yana nan."

Maliki ya rubuta, a hankali ƙwarai.

Ba wanda ya kama wa Abarshi. Nababa ma ya tuna yana da aiki a gida. Abarshi ya rungumi dutsen shi kaɗai, ya girgiza shi, ya fara juya shi kusurwa bayan kusurwa, yana nishi. Dutse ne mai nauyi, ba ya juyuwa a wuri ɗaya. Kafin rubutun ya gama fuskantar daji, iyaka ta ƙara taki biyu cikin daji.