Turancin Hanci

Malama Rahmatu ta daɗe tana koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Jikwoyi, kuma albarkacin aikin ne 'yarta Hafsah ke karatu a can kyauta. Tun rasuwar mijinta, wannan alfarmar ce kaɗai ta rage musu.

Ita a ajinta ma'ana ake bi. Sai ta cinye darasi guda a kan quiet da quite: na farko shiru ke nan, na biyu kuwa ƙarfafa magana yake yi, kamar a ce “sosai”. Yara su yi ta kafa jimla har abin ya zauna musu.

Ana nan sai mai makarantar, Madam Felicity, ta ɗauko wani saurayi mai suna Wisdom ya koyar da lafazi. Da lasifika yake zuwa. Yara su maƙale murya suna fitar da Turanci ta hanci kamar masu mura, ko me suke faɗa oho. Iyaye kuwa daɗi ya kashe su, har bidiyo suke ɗauka.

“Rahmatu, ni ba ni da matsala da kai,” in ji Madam da Hausarta ta Abuja. “Amma parents sun ce accent naka na gida ne. Ranar open day ka nuna musu ka canza, ko in ba Wisdom ajin.”

Tsoro ya kama Rahmatu. Ta ajiye abin da ta iya, ta koma kwaikwayon abin da ta raina. Tana tuƙa tuwo tana lanƙwasa harshe.

Ranar ta zo, iyaye suka jeru a bayan aji. Ta rubuta kalmomin nan biyu a allo, ta soma da sabuwar murya. Hankalinta duk yana kan hanci, sai bayanin ya kuɓuce mata. Ta faɗi kalmar farko, ta maimaita, ta tsaya cak. Wani yaro ya tuntsire da dariya, aji ya ɗauka. Hafsah ta sunkuyar da kai.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce Rahmatu ta miƙa wa Wisdom makullin aji kafin a tashi, aikinta ya ƙare, kuma karatun kyauta na 'ya'yan ma'aikata ne kawai.

A hanyar gida Hafsah ta ce, “Umma, kar ki damu. Iya mai awara ta ƙofar gidanmu tana neman mai taya ta wanke-wanke da safe, ni sai in riƙa zuwa.”

Rahmatu ta juyo za ta kwaɓe ta, sai ta rasa inda za ta ce mata ta tafi da safen.