Famfon Man Motar Liatu

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Liatu a nan Gwallaga cikin garin Bauchi, shekara ashirin da wani abu, tun mijinta Andrawus yana da rai. Nas ce, ta yi ritaya. Kullum bayan la'asar takan shigo wurina ta zauna, in kwashe mata labarin unguwa tun daga bakin masallaci har injin niƙa, tana dariya tana cewa, "Dada, bakin nan naki wata rana sai ya kai ki gaban alƙali." Ni kuwa duk unguwar nan ba ni da mai saurarona kamar ta.

Andrawus ya mutu ya bar mata mota, tsohuwa, ruwan toka. Ba ta cika hawanta ba sai coci ranar Lahadi, amma da hannunta take wanke ta. Da 'yarta Christiana ta haihu a Jos, Liatu za ta tafi zaman jego, sai ta cika tanki ta kai wa Malam Abdulsalam makulli. Gidansa na kallon namu, tsohon direban gwamnati ne, kuma aminin marigayi. Ta ce ya riƙa tayar da ita da safe ta ɗumama, kada batir ya mutu. Ya dafa ƙirji ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba.

Kwana uku da tafiyarta na ga mota ta fita. Da yamma ta dawo, bayanta har yana jan ƙasa, an ɗaure buhuna. Ashe malam ya shiga kabu-kabu, Bauchi zuwa Zungur. Na yi niyyar kiran Liatu a ranar, Allah shaida. Sai ga shi ya yi sallama, ya ce, "Dada, na ji ƙanwarki Aishatu ba lafiya a Zungur. Ga gidan gaba nan kusa da direba, naki ne, ba mai matsa miki." Ni da gwiwar nan tawa mai ciwo. Na shiga. Sau shida na shiga. Duk sati Liatu na bugo waya tana cewa, "Dada, me ke faruwa a gida?" In ba ta labarin kowa da kowa, in tsallake wannan.

Wata uku ta yi. Washegarin dawowarta da hantsi ta murɗa makulli, inji ya yi ta tari, mota ta ƙi tashi. Abdulsalam na tsaye ya goya hannu a baya.

"Tsufa ne, Maman Christiana. Jiya ma lafiya ta tashi."

Ta kira Ɗanlarai, bakanikensu na Ƙofar Wambai. Ni kuma na ɗauko kujerata na zauna a ƙofar gida.

Ɗanlarai ya ce ta murɗa makulli rabi, kada ta tayar. Ya buɗe ƙofar baya ya kasa kunne.

"Mama, shiru kike ji. Da famfon mai na da rai, da kin ji yana ɗan kuka kamar sauro. Ya mutu."

"A ina yake?"

"Wannan ba irin mai kafireta ba ce. Nata a cikin tanki yake, sai an ɗaga kujerar baya."

Abdulsalam ya yi wuf. "Kai, ba sai an ɗaga kujera ba. Duba fiyus."

"Na duba, Baba."

"To a tura ta gareji mana, ka yi a tsanake. Me za a tara wa baiwar Allah datti a ƙofar gida?"

"Aikin awa ɗaya ne. A nan zan yi."

Ya hau mashin ya je ya sayo sabon famfo. Ya dawo ya cire kan batir, ya ce duk mai taba ya yi nesa, sannan ya sa hannu biyu ya fizgo kujera.

Jama'a, abin da ke ƙarƙashin kujerar nan! Ɓawon albasa, ƙwayar masara, gashin kaza, kashin awaki ya fi mudu, har da takalmin jariri ƙafa ɗaya. Ga wasu ƙananan takardu sun maƙale a lungu.

Ɗanlarai ya fashe da dariya. "Mama, ashe kiwo kike yi a mota ba mu sani ba?"

Ya ɗago ya ga shi kaɗai ke dariya, sai ya mayar da kai ga aiki. Ya kwance murfi, ya nannaɗe tiyo da tsumma kafin ya zare, ya jawo famfon a hankali. Akwai wata 'yar rariya a gindinsa, ta yi baƙi ƙirin, cike da yashi. Ya leƙa tanki, ya tsoma yatsa ya shinshina.

"Mama, kin ce kin cika tanki?"

"Har baki."

"To babu ko kofi uku a ciki. Kuma wannan man 'yan bumburutu ne, har warin kananzir yake. Famfon nan man da yake ciki ne ke sanyaya shi. Mai zuba galan ɗaya-ɗaya yana tafiya jar wutar ƙarewar mai tana ci, ƙona shi zai yi. A motocin haya na saba ganin haka, ba a motar coci ba."

Liatu ta sunkuya ta tsinci takarda ɗaya. Ta sa tabarau ta karanta, ta sake ɗaukar wata. Takardun tasha ne, irin waɗanda ake ba direba in ya yi lodi.

"Malam. Zungur?"

"Maman Christiana, ki fahimce ni. Mota zama ke kashe ta. Ke kika ce a ɗumama."

"Har Zungur ɗumamawar? Da awaki?"

"Ai ba kullum ba."

"Kai ka ɗauko maigidana daga asibiti a motar nan, a kujerar nan ya kwanta. Kai na ba wa makulli na tsallake 'yan'uwansa."

Muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba. Malam ya duba gabas ya duba yamma, sai idonsa ya faɗo kaina. Ni da nake zaton ko don kansa zai rufa asiri.

"To wai me na yi da ba a sani ba? Ai ba a ɓoye na yi ba. Ga Dada nan, tambaye ta. Ita ce ma mai gidan gaba."

La'ilaha illallahu! Mutumin da na haɗiye labarinsa wata uku, labarin da ya fi kowanne daɗi a unguwar nan, shi ya miƙa ni. Yana gama faɗa ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali sha ɗaya ma ba ta yi ba.

Liatu ta juyo. Ta cire tabarau.

"Dada."

"Na'am."

"Gaskiya ne?"

"Aishatu ce ba lafiya, kin san gwiwata..."

"Sau nawa?"

Na ce biyu. Ta ci gaba da kallona. Na ce shida.

"Sau goma sha biyu na kira ki. Kin faɗa mini wanda ya saki matarsa, kin faɗa mini wadda ta ƙona tuwo ranar suna. Da kin ce mini kina son zuwa Zungur, ni da kaina zan ce ya kai ki."

Na kawar da kai ina kallon mai gyara.

Ɗanlarai ya yi kamar kurma. Ya tsane sauran gurɓataccen man da tsumma, ya sa sabon famfo da sabuwar rariya, ya ɗaure murfi, ya mayar da tiyo da waya da kan batir. Ya je gidan mai ya cika jarka ya zuba. Ya ce ta murɗa rabi. Daga inda nake zaune na ji ɗan kukan nan. Ta murɗa duka, mota ta tashi.

Kafin ya mayar da kujera, Liatu ta ɗauko tsintsiya. Na miƙe na ce ta kawo in share.

"Bar shi, Dada. Ki huta."

Ta share da kanta, ta tara dattin a leda, ta tsallaka ta ajiye a ƙofar gidan Abdulsalam, ta ɗora takalmin jaririn a kai.

Da Abdulsalam ta daina magana gaba ɗaya. Ni kuwa tana gaishe ni. In mun haɗu ta ce, "Ina kwana, Dada, ya ƙafa?" In ce da sauƙi, ta wuce. Ranar Talata na tare ta na ce, "Maman Christiana, kin kuwa ji abin da ya faru gidan mai injin niƙa?" Ta tsaya, har na ga kamar za ta zauna. Sai ta ce, "Ki riƙe abinki, Dada. Ai kin iya riƙewa." Ta shiga gida ta tura ƙofa.